Filashin Kefas

Kefas Ayuba mai gyaran kwamfuta ne a unguwar Bagama. Iyayensa daga Filato suka zo, amma shi a Suleja ya tashi, a nan ya auri Esta. Shagonsa ɗan ƙarami ne, kuma abin da aka fi saninsa da shi shi ne tayar da kwamfutar da ta mutu. Yana da wani baƙin filashi da ya haɗa da kansa: ya share shi tas, ya ɗora masa Windo yadda kwamfuta za ta tashi daga kansa. Ba ya ba da aronsa. A faranti kan talabijin yake kwana, tare da makullan gida.

Wata Asabar Malam Suhaibu, shugaban wata makaranta a Gawu Babangida, ya kira shi. Kwamfutocinsu sun ƙi tashi, ga jarrabawa ranar Litinin. Wannan ne karon farko da makaranta ta nemi Kefas, kuma ba ya son ya zama na ƙarshe.

Da ya isa ya soka filashin, kwamfuta ta yi kamar ba ta san da shi ba. Ya buɗe shi a tasa kwamfutar. Babu Windo, sai waƙoƙin Zumuntar Mata ta coci.

Ya kira gida, Esta ta ɗauka.

"Maman Debora, kin taɓa baƙin filashina?"

"Na kan talabijin? Ai mai tura waƙa ya ce shirme ne cike a ciki, ya share mini. Ya taimake ka ma."

"Ya taimake ni ƙwarai."

"Kada ka goge fa! Gobe da su za mu yi waƙa a coci."

Malam Suhaibu ya gyara hula. "Injiniya, yarana da waƙa za su rubuta jarrabawa?"

Kefas ya zauna ya hau aiki. Yana da ainihin fayil ɗin Windo a kwamfutarsa. Ya fara kwashe waƙoƙin Esta ya adana, ya saurari guda ya tabbatar ta kwafu, sannan ya share filashin ya sake haɗa shi. Aikin ba ya son gaggawa, sai suka zauna suna kallon koren layi yana rarrafe a fuskar kwamfutar.

Bayan la'asar kwamfutar farko ta tashi, sauran suka bi ta. Malam Suhaibu ya rako shi bakin titi, ya ce akwai wasu kwamfutocin a ɗakin ajiya, ya dawo mako mai zuwa.