Bazarar Osaka da Bishiyar Ƙofar Gidanmu

Duk laifin na kalma ɗaya ne, kuma autanmu ne ya jefo ta. Shekararsa ta biyu ke nan yana karatu a Osaka, can ƙasar Japan, sai ya bugo wa Mama waya yana murna, wai bazara ta shigo, duk gari an fita an zauna ƙarƙashin bishiyoyi.

Mu kuwa a Samaru mun san bazara. Ita ce lokacin da ake kwana a tsakar gida, fanka na hura wuta, ruwan randa ya koma kamar na shayi. Mama ta ajiye waya ta yi salati. Zafin da zai kori masu wutar lantarki dare da rana daga ɗakunansu, ai ba ƙaramin zafi ba ne.

Washegari ta tasa ni gaba har kasuwar Sabon Gari. Mahuci biyu muka saya, da hodar ƙurajen zafi gwangwani uku, za ta ba wani malamin jami'a da aka ce zai je can taro. Na so in yi magana, amma ni ma ban san inda gaskiyar take ba.

Muna dawowa hoto ya shigo wayata. Ga auta cikin ƙatuwar rigar sanyi, har da hula, zaune kan shuɗin tamfol, mutane birjik a bayansa kowa da ƙunshin abinci. Mama ta daɗe tana kallo.

"Rigar sanyi da bazara? Zazzaɓi ne. Kuma dubi, an kore su daga gidan haya. Kira mini shi."

Auta ya yi dariya har da tari. Ya ce tasu bazarar fitowa ce daga sanyi, ya rasa sunan da zai ba ta ne kawai. Zaman kuma biki ne. Bishiyoyin suna fure sau ɗaya a shekara, mako guda furen ya zube, shi ne ake fitowa kallo. Har ofisoshi kan tura mutum tun asuba ya kama musu wuri.

"To me bishiyar ke haifa?" in ji Mama.

"Ba abin da ake ci, Mama. Furen ne kawai."

"Manya da gemunsu?"

"Har da shugaban sashenmu."

Nan ne na tuna mu ma muna da irin wannan bishiya marar amfani a ƙofar gida. Auta ne ya dasa ta yana aji uku na firamare. Da bazara takan yi jan fure jawur, sannan ta saki dogayen 'ya'ya baƙaƙe da ko akuya ba ta sansanawa. Shara kullum, Mama kuma ga ciwon baya. Tuni ta gama magana da mai saran itace, ranar Asabar zai zo, ta kuma hana ni gaya wa auta. Ni dai ina son bishiyar nan, a gindinta na koya masa karatu, amma ba a musu da Mama a kan shara.

Ranar Asabar da hantsi mutumin ya iso da gatari a kafaɗa. Na fito da ɓacin raina, sai na tarar da Mama ta shimfiɗa tabarma a gindin bishiyar, ga kunun zaƙi, ga ƙosai, tana fifita da mahucin da ta saya don a kai wa auta Japan. Fure na faɗo mata a kan ɗankwali.

"Hajiya, a ɗan matsa zan fara."

"Fara me? Biki muke yi. Zauna ka sha kunu."

Ya dube ni, na dubi sama. Ya jingine gatarin ya zauna, ya ci ƙosai bakwai, yana ta tambayar ko suna aka yi.

Da ya tafi Mama ta ce in ɗauke ta hoto in tura. Ta gyara zama, ta ƙi karkaɗe furen kanta. Ina cikin rubuta gaisuwa na ji muryarta ta canza.

"Ki ce masa nasu mako ɗaya ne, namu kuwa ya fi wata. In fure ne ya riƙe shi a can, ga shi nan a ƙofar gidan ubansa."