Mai Wanke Rigunan Ƙungiyar Kwari

Nendo 'yar ƙauyen Kumalin ce, aure ya kai ta ƙauyen Tipinyo, ƙetaren rafi. Lokacin da aka ɗaura, ba wanda ya ga aibu. Sai faɗa ya tashi a kan gonar kofi, shekara huɗu ana ƙona gidaje ana sare itatuwa. Dangin mijinta suka harbe yayanta Tumu a bakin gada. Mijin ma bai kai ƙarshen faɗan ba.

Da ƙura ta lafa, sai ta zama ba ta kowa ba. A Tipinyo in ta doso, hira ta mutu, wai kunnen abokan gaba ya iso. A gidan ubanta kuwa ko dankali gasasshe ba a miƙa mata.

Limamin coci, Fada Alois, ne ya kawo shawarar haɗa samarin ɓangarorin biyu su zama ƙungiyar ƙwallon zari-ruga guda, ya samo riguna goma sha uku daga garin Wabag. Samari suka yarda da gudu, suka yarda da karo, har da karya haƙori. Wanki ne ya gagara. Kowa a kwarin nan ya san gumin mutum ba ya shiga hannun maƙiyi, da shi ake sammu. Sati biyu kowa na tafiya gida da rigarsa, biyu suka dawo a yage, ɗaya alade ya tauna.

"Ku ba ni," in ji Nendo. "Can 'ya'yan 'yan'uwana, nan 'ya'yan dangin mijina. Wa zan kashe in huta?"

Ba don ƙauna aka ba ta ba, don babu wata ne. Duk Litinin tana bakin rafi da jakar saƙa, tana dukan riguna a kan dutse tana mita.

"Lakain, ɗan Tumu, wannan riga ce ko shimfiɗar alade?"

"Gwaggo, ai ƙamshin nasara ke nan."

"Wace nasara? Ba talatin da shida da huɗu aka ci ku ba?"

Shekara guda ana haka, har mata suka soma ajiye mata wuri a bakin fili. Sai ɗaya daga cikin 'yan wasan, Yaso, ɗan wan mijinta, ya kwanta ciwo bayan wani wasa, cikinsa ya kumbura, aka wuce da shi asibiti.

Ranar Asabar, ana tashi daga wasa, ubansa Minap ya shigo fili da gatari a kafaɗa, maza na biye da shi. Nendo na tsaye da jaka a buɗe.

"Ke matar ƙanena, wa kika kai wa rigar ɗana?"

"Rafi na kai wa, Yaya."

"Jinin Tumu bai bushe a ranki ba. Mun sani."

Ta duba hagu, ta duba dama. Matan da ke zama kusa da ita sun ja baya. Ta san in aka kore ta yau, ba gidan da zai buɗe mata ƙofa, ƙungiyar ma ta mutu ke nan.

Lakain ne ya matso. Ya tuɓe rigarsa, sharkaf da gumi, ya miƙa wa mutumin da danginsa suka kashe ubansa.

"Baba Minap, riƙe. In Yaso ya mutu ta hannun gwaggona, ga ni a hannunka."

Uwarsa ta kurma ihu daga bakin fili. Bai waiwaya ba. Sauran 'yan Kumalin biyar suka tuɓe ɗaya bayan ɗaya. Sai da Minap ya ajiye gatari kafin hannunsa ya ɗauke su.

Nendo ta koma gida da jaka ba komai. Lahadi ba ta je coci ba. Litinin ta sauka rafi, don ƙafarta ta saba, ta zauna a kan dutse.

Hantsi ya ɗaga sai ga Minap, riguna a ƙunshe cikin ganyen ayaba, ba ko zare da ya ɓata. Yaso na asibiti har yanzu, ba wanda ya san yadda za ta kaya.

"Kwana biyu ban runtsa ba ina gadin su," ya ce. "Ko kaza ta gifta sai gabana ya faɗi. Haka kike fama duk sati?"

"Shekara guda, Yaya."

Ya tsuguna, ya jiƙa riga ɗaya, ya rasa ta inda ake farawa. Ta miƙa masa sabulu.