Taswira ta wanke Baba Issaka

Jama'a, yau na sha kunya har tsakar gidanmu!

Ɗaliban jami'a masu zana taswirar Alabar ne suka shigo ɗazu. Na ce, "Yauwa, ku rubuta! Gotan maƙwabcinmu Baba Issaka ke cika mana ɗaki da ruwa duk damina."

Wata ɗaliba ta buɗe tsohuwar taswira a kwamfuta. Ta ce, "Anti, ba gota ba ne. Rafi aka cike, aka gina gidanku a kai."

Kakata ta tuntsire da dariya. "A nan muke wanki ina yarinya! Na faɗa miki, kika ce tsufa ne."

Shekara uku ba na gaida Baba Issaka, bawan Allah, saboda gotan nan! Ga ni nan ƙofarsa da goro.