Kwanon Gayya

Kwarin da ke bayan garinmu ba wani babban kwari ba ne. Da rani awaki ke kwanciya a cikinsa, yara su tsallake shi da gudu. Amma da zarar damina ta kankama, shi ke da ta cewa. Shi zai ce yau a je kasuwar Dalijan ko a haƙura, shi zai ce mai naƙuda ta kai asibitin Gwandu ko ta juyo gida. Mu 'yan coci ma ya sha cinye mana Lahadi. Akwai ranar da mijina ya rataya takalmansa a wuya ya tura babur cikin ruwan, ya fito da babur lafiya, takalmi ƙafa ɗaya kuma har yau ba labari.

Ni 'yar ƙasar Zuru ce. Koyarwa ta kawo ni wannan yanki. Na fara a Wurogauri ta Kalgo, daga baya aka maido ni wannan ƙauye na ƙasar Gwandu, inda mijina ke aiki a ɗakin shan magani. Mun zo da niyyar mu ɗan taɓa zama mu nemi canji. Sai ga shi mai gari ya ba mu fili mun yi gini, na haifi 'ya'yana duka a nan, har yaran da na koya wa baƙi da wasali suka fara kawo mini nasu 'ya'yan. Zama ne mai daɗi, ba zan ɓoye ba. Ba wanda ya taɓa ɗaga mini murya. Ko a kasuwa, in na tsaya, sai a ce a sallami Malama tukuna.

Shekarar da ƙaramar hukuma ta tuna da mu, kansila ya zo da wani injiniya, aka yi taro a ajina don shi ne ɗakin da rufinsa ba ya yoyo. Na tsaya ta taga ina kallon dattawan gari a kan bencin 'yan aji ɗaya, gwiwa ta kusa taɓa gemu. Kansila ya yi ta zuba jawabi har ya ji ƙishi, alhali maganar ba ta da tsawo: za a yi kwalbati a kan kwarin. Hukuma za ta kawo siminti da rodi da magina, gari kuma ya kawo yashi da dutse da ruwa da hannuwa. Wani tsoho ya ɗaga sandarsa ya tambaya ko simintin zai iso kafin zaɓe ko bayansa. Aka kwashe da dariya, har shi kansilan. Mai gari ya ce to, gayya ke nan, a fara ranar Asabar.

Abin mamaki, simintin ya zo.

A garinmu in an yi gayya, maza ke fita aiki, mata su ciyar da su. Kowane gida da ranarsa, ya dafa ya aika da kwano bakin aiki. Mai raba ranakun wata tsohuwa ce, ungozomar gari, wadda kowa ke kira Inna. Ba ta rubuta komai, kuma ba ta taɓa ruɗewa ba. Washegarin taron na ji muryarta tana bi gida gida. Ta shiga gidan da ke hannun damana, na ji tana cewa su ne Litinin. Ta fito ta shigo nawa. Na shimfiɗa mata tabarma, na kawo ruwa. Ta tambayi yara, ta tambayi maigida, ta yaba zogalen da ke bayan ɗakina, ta tashi ta yi mini sai an jima. Ta shiga gidan hagu ta ce su ne Talata.

Ba ranar aka fara ba. Lokacin yasar rijiya haka aka yi. Lokacin katangar makaranta ma, makarantar da nake koyarwa a ciki, haka aka tsallake ni. Da can nakan ce to, wataƙila ba su san ni ba tukuna. Amma wannan karon abin ya tsaya mini a rai. Ba wai ba a cin abincina ba ne. Duk Kirsimeti maƙwabcina ke yanka mini kaji, in dafa in rarraba, kwanuka su dawo wayam, da Sallah kuma nawa gidan ya cika da nama. Sai dai wancan kyauta ce, wadda ko baƙon kwana biyu zai iya yi. Kwanon gayya ba kyauta ba ne, dole ne, kuma 'yan gari kaɗai ake ɗora wa dolen. Ni kuwa so nake in san ko ina cikinsu.

Da na faɗa wa mijina, ko a jikinsa. Shi ma in ya ɗauki shebur ya je bakin kwarin, karɓewa suke yi su ce likita ya koma inuwa, shi kuwa ya koma abinsa ya miƙe ƙafa. Ya ce, "Ke dai ba ki da godiya. An hutar da ke, kina neman wahala da kuɗinki."

Na ce, "Hutun da ake ba baƙo ne. Shi ne ba na so."

Ya ce Allah ya ba ni haƙuri, ya ci gaba da sauraron rediyonsa.

Na kwana biyu ina cika ina batsewa. Ina koyarwa, ina jin ƙarar diga daga bakin kwari, ina ganin mata na wucewa ta gaban makaranta da kwanuka a ka. Rannan ana tashi, ko gida ban biya ba, da allin da ke hannuna na nufi gidan Inna. Na same ta tana tsinkar sure, wato yakuwa, a gindin turmi.

Ta ce, "Malama, lahiya kinka zaka da rana tsaka haka?"

Na durƙusa na gaishe ta yadda ya kamata, sannan na ce, "Inna, gidana ya rushe ne, ko ba a hura wuta a cikinsa?"

Ta gane sarai. Ta ci gaba da tsinkar ganyenta ta ce, "Haba Malama. Ke baƙuwarmu ta. Mu ba mu aza ma baƙo wahala, kunya muka ji."

Na ce, "Inna, daren da kwarin nan ya tare mijina a tsallake, wa ya karɓi haihuwata ta fari?"

Ta ce, "Ni ta."

"Wa ya yanke wa sauran cibiya?"

"Ni ɗai."

"Ina kika binne mabiyiyarsu?"

Ta ɗago ta dube ni. Ta ce, "Bayan ɗakinki."

Na ce, "To ki zo ki tone ki ba ni kayana in kai Zuru, tunda baƙuwa ce ni."

Na san maganar ta yi nauyi a bakin yarinya zuwa ga tsohuwa. Inna ta sunkuyar da kai ta koma kan ganyenta. Can ta ce, "Tahi gida, na jiya." Ko kallona ba ta sake yi ba.

Mako ya zagayo ba ta ce mini uffan ba. In mun haɗu a hanya ta amsa gaisuwata a gajarce ta wuce. Na fara tunanin na ɓata zaman lafiyar da na daɗe ina ci, a kan kwanon tuwo. Aiki kuwa yana ta tafiya. An haƙa, an jera dutse, an ɗaure rodi, saura zuba kankare, wanda magina suka ce in an fara ba a tsayawa sai an gama, don haka ranar kowa da kowa zai fito.

Ranar Asabar da yamma ina wanke wa yara kayan coci, sai ga Inna a bakin ƙofa. Ba ta shigo ba, ba ta nemi tabarma ba. Ta ce, "Gobe za a zuba kankare. Ke ad da magina." Ta juya.

Na bi ta da cewa, "Inna, gobe fa Lahadi ce."

Ta ce, "Na sani," ba tare da ta waiwayo ba.

Ban taɓa fashin coci da ƙafafuna lafiya ba. Ɗan cocin namu duka duka malamai ne da ma'aikata da masu sayar da kayan babur, in mutum ɗaya bai zo ba bencinsa sai ya yi ta kallon fasto. Kuma ni ke ba da waƙa a zumuntar mata. Amma ni na roƙi dole, ga ta an ba ni, ba kuma zan ce a canza mini rana ba. Na ce wa mijina ya gaya wa fasto ina aikin gari, in yana da magana ya zo ya ɗauki kwano.

Sai na zage. Na kama kajina biyu mafi ƙiba na kai wa maƙwabcina ya yanka. Na auno shinkafar da nake ɓoyo don Kirsimeti, na soya tumatir da albasa har ƙamshi ya tsallaka katanga. Na yi dafa-duka irin wadda ake yi wa surukai, na jera nama a sama, na rufe da sabbin kwanukan da ban taɓa ci a ciki ba. Na ce yau garin nan zai san an ba ni rana.

Bakin kwarin ya cika maƙil. Samari na miƙa kwanon kankare hannu da hannu, mata na juye ruwa a durom, mai gari da kansa ya naɗe riga yana nuna inda za a zuba, ko da yake ba mai sauraronsa. Na sauke kayana a gindin wata bishiyar bedi, wato dogon yaro, inda magina ke hutawa. Da suka buɗe, sai da babbansu ya yi kabbara. Kafin ka ce me, samarin da aka kawo wa tuwo daga wasu gidaje sun bar nasu sun zagaye nawa. Aka cinye har ƙanzo. Ni kuwa ina gefe ina gyara ɗaurin kallabi, raina fes.

Sai na ji an ce, "Ke!"

Ba Malama ba. Ke.

Inna ce, ta riƙe ƙugu, mata sun yi cirko-cirko a bayanta. Ta ce, "Wa yac ce ki yanka kaza?"

Na ce, "Inna, ai kajina ne."

Ta ce, "Naki na, wa yam musa? Amma wagga ba walima ba ta, gayya ta. Gobe gidan wa na? Gidan matar mai gyaran takalma na. Mi kika so ta kawo bayan wanga? Ta yanka mijin nata?"

Mata suka fashe da dariya. Matar mai gyaran takalman ma tana ciki, tana rufe baki da gyale.

Inna ba ta gama ba. Ta nuna kwanukan tuwon da aka bari a buɗe, ƙudaje na bi. Ta ce, "Dubi abincin mutane. Da asuba sunka tashi sunka tuƙa. Abincin gayya iri guda na, tuwo da miya, yadda kowa ka iyawa, don kada wata ta ji kunyar kwanonta. Ke da karatunki duka ba ki san wanga ba? Kina nan shekara da shekaru, idonki na ina?"

Ni ma bakina bai mutu ba. Na ce, "Da an ba ni rana tun tuni ai da na sani."

Ta ce, "To yanzu kin sani. Jibi za a cika ƙasa gefen kwalbati, ki sake. Tuwon dawa, miyar kuka. In na ga ko ƙashin kihi ciki, ni da ke ta." Ta juya kan wata yarinyar amarya da ta kawo ruwa rabin bokiti, ta dasa mata nata faɗan daga inda ta tsaya da ni, da murya iri ɗaya.

Na tsuguna ina tattara kwanukana. Matar mai gyaran takalma ta zo ta taya ni, ta ce a hankali, "Kada ki damu, haka taka yi muna duka. Ni ranar yasar rijiya har kuka ta sa ni." Na ce mata ban damu ba. Gaskiya na faɗa. Tunda na zo garin nan ba a taɓa yi mini tsawa ba sai ranar, kuma daɗin da na ji ban san inda zan sa shi ba. Har yau dai ina nan a kan bakana cewa kajin sun yi daɗi, magina ma shaida ne.

Da na isa gida mijina ya dawo daga coci, yana zaune da rediyonsa. Ya dubi fuskata ya ce, "Yaya, sun yaba?"

Na ce, "Inna ta wanke ni tas a gaban matan gari."

Ya rage muryar rediyon. Ya ce, "Shi ne kike murmushi har da hawaye?"

Na ce masa ya tashi ya samo mini dawa, jibi ma ni ce.