Sannu-Sannu da Dafaffiyar Gyaɗa

A duk garejin kamfanin babu wanda ya kai Sannu-Sannu sanin yadda zuciyar ɗan Adam take aiki. Ilimin ya same shi ne daga bakin surukinsa mai kemis, a tsaye, ranar da ya je sayen maganin mura.

Shi direban motar ma'aikata ne, laƙabin ma daga tuƙinsa ya samo shi. Shekara da shekaru ko madubin mota bai taɓa fasawa ba. Kwatsam kamfani ya sanar cewa duk direban da ya manyanta sai ya ga likita, wanda aka samu da matsala ya ajiye makulli. Shi kuwa ya san jininsa yakan hau, ga yara ba su gama makaranta ba. Tun daga ranar barci ya ƙaurace masa.

Surukin ya ce dafaffiyar gyaɗa tana gina jiki, tana riƙe ciki, kuma man da ke cikinta ba ya cutar da zuciya, amma banda gishiri, banda wadda ta yi fumfuna. Ya ce a ci daidai. Wannan na ƙarshen, Sannu-Sannu bai ji shi ba.

Nama ya fita daga kwanonsa. Tukunya ba ta sauka daga murhu. Ɓawo a aljihu, ɓawo a ƙarƙashin kujerar mota, ɓawo har cikin takalmi.

"Baban yara, cikin nan naka tun safe yake ƙugi," in ji matarsa. "Mutum ne kai ko kurege?"

"Ke dai dafa. Kin sa gishiri?"

"Ban sa ba."

"Rantse."

"A kan gyaɗa? Allah ya kyauta."

Ko a danja ya tsaya sai ya dafe wuyan hannunsa yana sauraro, har na baya su dame shi da hon. Makanikai suna ganinsa sai su ce, "Likita, yau ya zuciyar?" Ba ya dariya.

Ranar gwaji ya zauna a bencin asibiti. Nas ta ɗaura masa abin awo, ta duba, ta sake dubawa.

"Baba, jininka lafiya lau."

Har ya fara yi mata bayanin gyaɗa, ta nuna masa allon haruffa a bango, ta ce ya rufe ido ɗaya ya karanta. Ya karanta babban na sama. Sauran bai gan su ba.