Motar da Auta Ya Hana a Yi wa Fenti

Ku fito mana, na ce ku fito! Ina masu bakin? Kai wanzami, ajiye askar nan ka zo ka ji! Ke matar Baffa, bar leƙe ta bayan labule, fito fili! Ni ce dai, yayar Auta, mai wankau ɗin nan da kuke cewa ko sunanta ba ta iya rubutawa daidai ba. To yau sai kun ji labarin ƙanina daga bakina, ko kuna so ko ba kwa so.

Wanda bai sani ba ya sani. Babanmu direba ne, ya tsufa yana tuƙa wani attajiri. Da attajirin ya rasu, 'ya'yansa suka ga tsohuwar motarsa ta daina tashi, ta tare musu gareji, sai suka ce Baba ya ɗauka, ita ce sallamarsa. Turo ta aka yi har tsakar gidan nan, gidan hayar Baffa, ƙanin Baba. Tun kafin yaƙin duniya na biyu aka ƙera ta. Hancinta dogo kamar kwalekwale, ƙafafunta na waya kamar na keke, ga matakala a gefe, ga gilashi tsakanin direba da mai gida don kada ya ji sirri. Baƙa ce, amma baƙin ya koɗe, ya tsattsage kamar dunduniyata.

Da Baba zai rasu, Auta ya bar wa ita. Auta kuwa facin taya yake yi a bakin titi, ko tuƙi bai iya ba har yau. Amma kullum da safe kafin ya fita sai ya share ta da busasshen tsumma, ya zura ƙarfen nan a hancinta ya juya injin don kada ya daskare, yadda ya ga Baba yana yi. Wane suna kuka sa masa? Direban kaji. Don kajin matar Baffa a cikinta suke ƙwai. In ya wuce sai ku ce, "Direba, yau ina muka nufa?" Ya yi murmushi ya sunkuyar da kai. Ni kuwa raina ya yi ta tafasa.

Kuma kun yagalgala ta lokacin da muke jinyar Baba, kada wanda ya musa. Wanzami, kujerar fatar da ka yi shekaru kana zaunar da mutane a kai, daga ina ta fito? Matar Baffa, kwanon fitilar da kajinki suke shan ruwa fa? Ni na ce mu je mu ƙwace da tsiya. Auta ya ce, "Yaya, bari, a hankali." Ya sayi sabuwar kujerar roba ya kai wa wanzami, ya karɓo yagaggiyar. Ya sayi sabon kwano ya ba ki, ya wanke fitilarsa ya mayar. Kuka yi ta sheƙa dariya, wai ga wawan da ke ba da sabo ya karɓi tsoho. Matar da zai aura ma ku kuka zuga ta, wai zai kai ta ɗaki da mota marar numfashi. Ta fasa. Na riƙe wannan, ban manta ba.

Sai bana Baffa ya ce shaguna zai gina a wurin. Ya ce ko Auta ya fitar da gawar nan, ko ya kira masu gwangwan su yanka ta da wuta. Ina Auta zai kai ta? Ɗakinsa ko katifa da kyar ta shiga.

Ana cikin haka tayar wani dattijo ta sace a gaban rumfar Auta. Ya biyo shi cikin gida zai wanke hannu, ya yi ido biyu da motar. Wallahi a gabana mutumin nan ya tsaya cak, ya manta da ruwan. Ya zagaya ta, ya durƙusa da farin yadinsa a ƙasa ya leƙa ƙarƙashi. Ashe irinsu yake tarawa, yana da babban zaure inda mutane ke zuwa kallo. Ya ce yana son ya saye ta. Na ce, "Baba, me za ka yi da abin da ba ya tafiya?" Ya ce, "'Yata, da hannu aka ƙera wannan, masu ƙerawar duk sun mutu, 'yan'uwanta kuma saura kaɗan a duniya. Masu tarawa tsufan suke nema. Fentin farko, fatar farko, har tsagewar." Ya ɗauki hoton lambar injin, ya ce zai aika wa masana su duba. Ya ɗaga yatsa ya ce, "Kada kowa ya taɓa ta. Ko sabulu kada a sa mata."

Baffa yana jin haka, gawa ta zama "motar gidanmu". Ya ce dattijon wayo yake yi, wa zai ɗauki mota da tsatsa? In aka yi mata kwalliya ai darajarta ninkawa za ta yi. Auta ya ce a'a. Baffa ya ce, "Kai yaro ne, me ka sani?"

Ran nan da azahar na dawo da kayan wanki a kai, tun daga zaure na ji inji yana tsaki. Ina shigowa na ga mai fenti da bindigar feshinsa, Baffa na tsaye yana nuna masa da sanda, ku kuma kun yi da'ira kuna cewa, "Kai, ta fara fitowa!" Shuɗi! Shuɗi irin na tankin ruwa! Na sauke ƙullin nan, na zaro jiƙaƙƙen zanen gado na rufa wa mai fentin a ka, na fizge wayar injin daga bango. Baffa ya ce, "Ke, ba ki da kunya?" Na ce, "Baffa, na bar ta a wurin wanki!" Auta ya shigo a guje da ƙarfen cire taya a hannu, na ɗauka yau za a yi ta. Sai ya yar da ƙarfen, ya hau kan hancin motar ya kwanta rub da ciki, ya ce duk mai fesawa ya fara da bayansa. Ƙato da gemu yana kuka. Amma aikin gama ya gama a gefe guda, murfin tayar gaba na dama ya zama shuɗi.

Na ce mu rufe da buhu mu yi shiru. Auta ya ƙi, ya ɗauki hoton ɓarnar ya aika wa dattijon. Shiru. Aka wayi gari, shiru. Baffa ya ce tun da an fasa, masu yanka na nan zuwa ƙarshen mako. Auta ya daina cin abinci, wandonsa har zamewa yake. Ku kuwa kuna ta, "Ina mai farin yadin? Ko tayarsa ta sake sacewa?"

To ɗazu ina ɗauraya, wayar Auta ta yi ƙara. Ya duba, ya miƙo mini, ya ce, "Yaya, karɓi, ba zan iya ba." Na goge hannu a zani na buɗe murya. Dattijon ne.

"Yayar Auta ce? Masana sun duba. Lambar ta yi daidai, ita ce, ta asali ce. Tambaya ɗaya gare ni. Kafin a fesa shuɗin nan, an kankare ta da samfefa?"

Na ce, "Ina! Baffa ya ce kankara ɓata lokaci ce, a fesa kawai a kan ƙura."

Mutumin nan ya yi dariya har da tari. Ya ce, "To rowarsa ta cece mu. Tsohon fentin yana nan a ƙasa, ina da mai ɗaga sabon a hankali."

Auta ya matso kusa da wayar. "Ranka ya daɗe, ke nan ba za a yanka ta ba?"

"Yanka? Wanda ya kusance ta da wuta, da ni zai yi. Gobe da safe babbar mota za ta zo ɗaukarta. Kai ma ka haɗa kayanka, tare za ku taho, don ban da mai kula da ita da ya fi ka."