Saƙon da Na Tura wa Oga

A satin da na fara aiki a wani ofishi a GRA aka koya mini kalmar. Matar da ke horar da mu ta rubuta ta a allo: eskalet. Ta ce ma'anarta a ɗaga magana zuwa ga na sama, a ƙara mata nauyi. Duk matsalar da ta faru sau uku, ban da lallashi, a rubuta wa oga. Ni kuwa sabon digiri yana ɗibata, na haddace tsaf.

Direban ofishin dattijo ne, maƙwabcinmu a Ƙofar Ran, sahu ɗaya suke sallah da mahaifina. Sau uku ya makara ranar fita ƙauye, muna tsaye a rana rungume da fayil. A unguwarmu an san yadda ake yi: in gaya wa mahaifina, ya ja shi gefe bayan la'asar, magana ta mutu a nan. Na sani sarai. Amma so nake a ce yarinyar nan ta iya aiki. Layi uku na rubuta, na tura.

Oga ya tura wa nasa ogan, shi ma ya tura Abuja, kowa yana ƙara gishiri don kada a ce ya yi sake. Makara ta koma sakaci, sakaci ya koma rashin ɗa'a. Ba wanda ya kira direban ya tambayi dalili, har da ni. Sai daga baya na ji a bakin mahaifiyata cewa matarsa yake kaiwa wankin ƙoda da sassafe.

Na je ina roƙon oga kada a kore shi. Ya ce, "Ai ya wuce hannuna. Kuma daidai kika yi." Har yabona aka yi a taron ma'aikata, aka tafa. In na tuna tafin nan, har yau raina ɓaci yake.

Ranar da aka sallami direban, ni aka ce ya miƙa wa makullin mota. Mutumin da tun ina goye yake ce mini 'yata ya tsaya a gaban teburina, ya rusuna, ya ajiye makullin da hannu biyu.

Na ce, "Baba, don Allah ka yafe mini."

Ya ce, "Ba komai, ranki ya daɗe. A duba motar kafin in tafi, ko akwai abin da za a rubuta."